Goggo Ta Tafi Yola

A unguwar Hausawa ta Garwa, zamanin Jamus, akwai wani daro na tagulla da ake kira Goggo. Babban daro ne, faɗinsa kamu biyu, mace mai ƙarfi ce ke iya ɗaukarsa. In an haihu, a cikinsa ake yi wa jariri wankan ranar suna. In an mutu, a cikinsa ake zuba ruwan wankan gawa. Babu gidan da bai shiga ba. Shi ya sa mata suka sa masa Goggo, mai zuwa suna, mai zuwa makoki, ba ta zaɓen gida. Maza ma suka bi, daro ya koma ita.

A maƙerar Ilyasu take kwana. Ilyasu maƙerin fari ne, ba ya taɓa baƙin ƙarfe. Fartanya da gatari aikin wasu ne. Shi nasa tagulla da jan ƙarfe: tasa, buta, ludayi, munduwa. Dogo ne, ba ya dariya sai da dalili, kuma dalilin ba ya yawan zuwa. Kakansa Dawuda ne ya ƙera Goggo, shekarar da ayarinsu ya sauka bakin Binuwai daga Kano suka ce tafiya ta isa haka. Kowane gida ya kawo abin da yake da shi, wannan tsohuwar tasa, wannan awarwaro, aka narka wuri ɗaya. Dawuda ya yi wata biyu yana bugu. Ya buga har ƙarfen ya yi tauri, ya mayar wuta, ya tsoma a ruwa, ya sake ɗaukar guduma. Sawun gudumarsa na nan a jikinta, jere kamar ɓawon kifi.

Ƙa'idarta biyu ce. Ta farko, ba a kai ta, zuwa ake yi a ɗauka. Uwar gida da kanta za ta tsaya bakin maƙera ta ce, "Mun zo ɗaukar Goggo." Maƙeri ya ce, "Taku ce." Ta biyu, ba a hana ta. Ko wanda kuka yi faɗa da shi jiya, ko kuturu, ko baƙon da ya faɗi a zauren wani ba a san garinsu ba. Daga Dawuda zuwa ɗansa, daga ɗansa zuwa Ilyasu, ba a taɓa jin wata amsa ba sai waccan.

Ta tsufa, ta sha maho. In ta huje, gidan da ya shigo unguwa daga baya shi ke kawo ƙarfen da za a toshe, da haka yake zama ɗan unguwa. Maho tara ne a jikinta. Ilyasu in ya rufe ido ya shafa, zai gaya maka na wane gida ne da hannun wanda ya buga. Takwas rawaya ne kamar jikin daron. Ɗaya ja ne, can kusa da gindi. Wannan na Bobbo ne.

Bobbo Bafillatani ne da annobar shanu ta bari da sanda kawai. Ya zo Garwa yana saurayi, ya zauna gefen wutar maƙera don jin ɗumi, ya kama zugazugi, bai sake saki ba. Ya auri Dela, Bahausa 'yar unguwar. Da Goggo ta huje a shekarar aurensu, ba shi da abin kawowa sai munduwar jan ƙarfe ta ƙafar uwarsa, ita kaɗai ta rage masa daga rugarsu. Ilyasu ne ya buɗe ta, ya daddale ta, ya ɗaura da ƙusa shida. Shekara arba'in suna wuri ɗaya, ɗaya na zuga, ɗaya na bugu, suna zagin juna.

Sai yaƙin Turawa ya zo. Ingilishi suka taso daga Yola da damina, aka kwana biyu ana harbi, suka koma. Jamus suka hau tona ramuka a kan tudu. Hanyoyi suka rufe, jirgin ruwa bai ƙara hawowa ba. Da rani ya yi, mai shela ya zaga gari: harsashi ya yi wa Bature ƙaranci, duk mai tagulla ko jan ƙarfe ya fito da shi, za a kai kudu a yi kwanson harsashi. Gidan da aka samu ɓoyo za a sa masa wuta.

Ranar da aka yi shelar, da rana ta take, lungu ba kowa, Ilyasu ya saki asabarin ƙofar maƙera. Shi da Bobbo suka ture kututturen da uwar maƙera ke kai, suka hau tono.

"Kaɗo, ashe ka iya tonon kabari," in ji Bobbo. "Da wannan ka riƙa tun farko, da mutane sun huta da karkatattun butocinka."

"Tona ka rage surutu. Bafillatanin da ko akuya ba shi da ita."

"Ina da ita. Kullum ina zuga mata wuta."

Suka naɗe Goggo a fatar sa, suka zuba toka ƙasa da gefe don kada danshi ya ci ta. Kafin su rufe fatar, Bobbo ya sa hannu ya shafa jan mahon.

"Inna, ki yi haƙuri da duhu," ya ce. Ya ɗago ya dubi Ilyasu. "In na riga ka, ka tono mini ita. Ƙafar uwata na ciki."

"Kai da zazzaɓi ma yake ƙyamarka? Kai za ka binne ni."

"Ni dai na faɗa."

"Na ji," in ji Ilyasu.

Suka mayar da ƙasa, suka daɓe, suka mayar da kututture, suka watsa gawayi.

Kashegari sojoji suka zo da tafintan Bature, wani Brahim mutumin Kuseri, mai Hausa da nauyin Larabci. Suka bi gida gida. Aka tara kayan unguwa duka a ƙofar maƙera, don Ilyasu ne kaɗai ke da kurfin da zai yanka su a daddale su shiga buhu. Kwana uku yana wannan aiki. Tasar da ya ƙera da hannunsa ya sa mata kurfi. Butar da ubansa ya yi wa liman, mai zanen ganye a wuya, ya buga ta ta kwanta. Mata suka tsaya nesa suna kallo, kowace tana gane nata. Ramatu 'yarsa, wadda ta dawo gida tun rasuwar mijinta, ta kawo tasoshin uwarta guda bakwai ta ajiye gabansa ta juya. Bai ɗaga kai ba. Duk abin da ya yanka, a ransa yana cewa wannan fansar Goggo ce.

A rana ta uku Brahim ya tsaya kansa.

"Tsoho, saura ɗaya. Daron nan da matanku ke kira Goggo."

"Ta tafi Yola."

"Da ƙafarta?"

"A kan jaki. Wani ɗan unguwa ya rasu can, kafin a rufe hanya."

Brahim ya dubi maƙerar, ya dubi rufin, ya sa ƙafa ya ture tulin gawayi. Yana tsaye ne kamu ɗaya daga kututturen.

"To. Ranar da ta dawo daga Yola, kai da ita za ku hau tudu tare. Gidan da aka gan ta kuma, ka ji shela."

Suka tafi da buhuna goma sha ɗaya a kan 'yan dako. Unguwa ta koma cin tuwo a akushi da ƙwarya. Wutar maƙera ta mutu, don babu abin bugu. Wani ya ce wa Ilyasu ya kama gyaran fartanya kafin abu ya wuce. Kallon da ya yi masa ya ishe shi amsa. Kullum da safe zai zo ya zauna, ya shafa wa gudumominsa mai, ya jera su, ya ɗora ƙafa a kan kututturen. Maganar Yola kuwa ta zaga unguwa. Kowa ya san don kunnen Bature aka yi ta. In mata suka haɗu a bakin kogi sai ɗaya ta ce, "Yaya Goggo a Yola?" su yi murmushi su wuce.

Da bazara aka zo neman mutum ɗaya daga kowane gida don tonon ramuka. Yusufu ɗan Bobbo an riga an tafi da shi dako, matarsa Mairamu na da ciki. Bobbo ya ɗauki gorar ruwansa ya bi su. Kwana goma ya yi a kan tudu cikin rana. Ya dawo da ciwon ciki, idanunsa sun faɗa. Ilyasu ya je duba shi, ya zauna bakin tabarma.

"Tashi, malalaci. Zugazugi na ta tambayarka."

"Ka ce musu su nemi wani wawan," in ji Bobbo. Muryarsa da ƙyar take fita. Ya so ya ƙara wata magana, tari ya hana shi. Ilyasu ya san wace ce. Ya miƙe ya ce Allah ya sawwaƙe, ya fita.

Ranar Talata da hantsi Bobbo ya cika.

Ilyasu na zaune a maƙera, Ramatu ta kawo masa kunu, sai ga Dela. Gajeruwa ce, mai kauri, ba ta saba tafiya a hankali ba, amma ranar a hankali ta zo. Ta rufe kai da baƙin zane, gammo a hannunta. Ta tsaya inda mata ke tsayawa tun zamanin Dawuda.

"Mun zo ɗaukar Goggo."

Ilyasu ya ajiye ludayin duma. Daga inda yake zaune yana hango bakin lungu. Sojoji biyu na zaune ƙarƙashin tsamiya, bindigogi a cinya, suna jiran masu gudun aikin rami. Tun jiya suke nan. Daga maƙera zuwa gidan Bobbo babu wata hanya sai gabansu.

"Allah ya jiƙansa," ya ce. "Allah ya ba ku haƙuri."

"Amin. Mun zo ɗaukar Goggo."

Ya sake duban bakin lungu. Dela ta matso, ta rage murya.

"Baban Ramatu, marigayi ya gaya mini inda take. Ya gaya mini abin da kuka yi da shi. Zan rufa mata ciyawa in ɗauka kamar ta awaki. Kafin azahar ta dawo. Ba wanda zai gani."

"Ciyawa mai faɗin kamu biyu?"

"To a tsallaka da ita ta katanga, gida gida."

"Gida biyar. Gida biyar da yara da baƙi."

"Kowa a unguwar nan a cikinta aka wanke shi. Wa zai faɗa?"

Ya san gaskiyarta, ya kuma san tasa. In aka kama, za a sa wa gidan Bobbo wuta da gawa a ciki. Shi kuma za a miƙa masa kurfi a ce ya yanka, kamar yadda ya yanka sauran. Ya ga kurfin a kan sawun gudumar Dawuda. Ya ga maho tara a buhu. Kaka ya ba uba, uba ya ba shi, a hannunsa za ta zama harsashi a cikin cikin ɗan wani. Bobbo mutum ɗaya ne, kuma ya riga ya tafi. Ruwa ruwa ne, ko a me aka zuba shi, malamai ba su ce sai da tagulla ba. Goggo kuwa ta waɗanda ba a haifa ba ce. Haka ya lissafa, kuma lissafin bai da kuskure ko ɗaya.

Da ya faɗa mata haka, da wataƙila ta yi kuka ta zage shi, abin ya wuce. Amma Ilyasu bai saba yi wa kowa bayani ba, kuma ya ji in ya buɗe baki da sunan Bobbo muryarsa za ta ba shi kunya gaban mata biyu. Sai ya kama maganar da ke kusa.

"Goggo ta tafi Yola."

Dela ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa.

"Ni kake gaya wa Yola, Ilyasu?"

Shekara arba'in ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ƙafarsa na kan kututturen.

Ta warware gammon, ta naɗe shi, ta sa a hammata. "Allah ya kawo ta lafiya," ta ce, ta juya.

Ramatu na durƙushe inda take. "Baba," ta ce, "Baffa Bobbo ne fa."

"Ɗauke kunun nan."

Ya je jana'iza. Yana tsaye a tsakar gida aka wuce da ruwa zuwa bayan zana, a ƙwarya, wata babba mai ɗinki a baki, ruwa na ɗiga ta ɗinkin. Sau huɗu aka cika ta. Maza suka ba shi hannu, suka yi masa gaisuwa kamar ɗan'uwan mamaci, don shi ne. Ya sa kafaɗa a makara, ya shiga kabari ya karɓi Bobbo. Ba shi da nauyi. Babu wanda ya ambaci Goggo, a makabarta ko a hanya. Ilyasu ya so a ce wani ya ambata.

Bayan kwana tara aka haihu gidan mahauta. Ranar suna Ilyasu ya zauna yana shirya abin da zai ce in an zo. Ba a zo ba. Aka wanke yaron a kasko. Wata tsohuwa ta rasu gidan Mama mai ƙosai, ita ma ba a zo ba. Ya ce a ransa, sun gane, sun san lokaci ne na haƙuri. Amma ya lura mata sun daina tambayar juna lafiyar Goggo a Yola. In sun zo wucewa ta ƙofar maƙera sai su gaishe shi da ladabi, su ƙara sauri.

Da ruwan farko ya sauka, Ingilishi da Faransi suka kewaye gari da wata igwa da aka jawo ta kogi. Kwana goma ƙasa na girgiza. Mutane suka kwanta a ɗaka, wasu suka gudu garin Gidar. Ilyasu bai bar maƙera ba. Duk faɗuwar harsashi ƙura ta zubo daga rufi, shi yana zaune kan kututture. Sai wata rana da la'asar aka ji tsit. Aka ce Jamus sun ɗaga farin ƙyalle, sojojinsu da yawa sun faɗa Binuwai, ruwa ya ci wasu. Bayan kwana biyu aka wuce da Turawan tudu zuwa Yola. Brahim ba a sake ganinsa ba.

Ilyasu ya bari kwana bakwai, ya ga sababbin Turawan ba tagulla suke nema ba. Sannan ya kira Ramatu suka ture kututturen. Shi kaɗai ya yi tonon, yana hutawa. Fatar ta yi fumfuna, amma toka ta yi aikinta. Goggo ta fito lafiya, sai ɗan kore a gefe ɗaya. Ya ɗaga ta ga haske, babu huji. Ya ƙwanƙwasa bakinta da ɗan yatsa, ta amsa da muryar nan tata mai tsawo.

"Kin gani," ya ce wa Ramatu. "Duk Garwa ita kaɗai ta tsira."

Ya jiƙa tsamiya, ya kwaɓa da toka mai laushi, ya zauna gogewa. Kwana uku. Ya bi sawun gudumar Dawuda ɗaya bayan ɗaya. Ya bi maho takwas. Na taran ya bar shi ƙarshe, ya goge shi da sauri, amma jan ƙarfe ba ya son wahala, shi ya fi duka ɗaukar ido. Ya jingina ta a bango daidai ƙofa, inda duk mai wucewa zai gani.

Aka gani. Liman ya tsaya ya ce masha Allah. Tsofaffi suka ce lalle Ilyasu namiji ne. Mata suka leƙa, wata ta ce, "Ashe ta dawo," suka wuce. A watan aka yi suna biyu da rasuwa ɗaya. Ba wanda ya tsaya bakin maƙera da gammo.

Ya tambayi Ramatu, yana kallon wani wuri. "Me suke cewa a bakin kogi?"

"Ba sa cewa komai, Baba."

"Na tambaye ki."

Ta sunkuyar da kai. "Cewa suke, da ba a san ana iya hanawa ba. Yanzu an sani. Babu mai son ta zo ta tsaya da gawa a gida ba ta san amsar da za a ba ta ba."

"Yaƙi ne. Ba su ga yaƙi ba?"

"Sun gani. Sun ce in an hana Baffa Bobbo, su wane ne su."

Yusufu ya dawo daga dako da ƙafa a kumbure, ya tarar da kabarin ubansa. Ba da daɗewa ba Mairamu ta haihu, namiji. Ilyasu ya ƙirga kwanaki. Ran kwana shida ya sake goge Goggo, ko da yake ba ta buƙata. Ya zauna har magariba. Ba a zo ba.

Da safiyar suna ya ce wa Ramatu ta naɗa masa gammo.

"Baba, ba a kai ta."

"Na san ƙa'idarta kafin a haifi uwarki. Naɗa."

Namiji bai taɓa ɗaukar Goggo a ka ba. Ramatu ta taya shi ɗorawa. Ta fi yadda yake zato nauyi, wuyansa ya yi ƙara. Ya fita lungu yana dafa ta da hannu biyu, rana na buga ta tana watsa haske a katangu. Ya wuce tsamiyar da sojoji suka zauna. Taku ɗari biyu ne da 'yan kai. Mazan da ke zaune a tabarmi ƙofar gidan suka buɗa masa hanya. Yusufu ya miƙe zai karɓe shi, ya fasa, ya dubi cikin gida.

Dela ta fito zaure. Ta gama takaba, amma baƙin zanen ne a kanta. Ta dubi daron, ta dubi tsohon da ke ƙarƙashinsa.

"Sannu da zuwa, Baban Ramatu. Daga Yola?"

"Na kawo Goggo."

"Wa ya aika?"

"Ba wanda ya aika."

"To."

Ya sauke ta a ƙasa da kansa, ya juya ta yadda jan mahon zai fuskance ta. Numfashinsa na fita da ƙarfi.

"Dela, da na fito da ita ranar, da yau babu ita. Da babu gidan nan ma."

"Na sani."

"Don yaron nan na ajiye ta. Shi da irinsa."

"Na sani. Na kwana ina lissafin nan fiye da kai. Gaskiyarka ce." Ta durƙusa, ta sa yatsu biyu a kan mahon, kamar yadda mijinta ya yi a ramin. Ta daɗe. "Da ya kwanta, kullum sai ya ce mini, kada ki damu, Kaɗo ya ce ya ji. Ranar da zai cika ma ya faɗa. Yana dariya."

Ilyasu ya kawar da ido daga mahon.

"Da ka ce mini, Dela, tsoro nake ji, da na koma na ce wa mutane maƙeri na kuka, ku kawo ƙwarya. Da yau ni zan zo da gammona. Amma ka dube ni kamar tafintan Bature." Ta miƙe. "Sunan kakansa za a raɗa masa. Kakan ya fita da wankan ƙwarya, jikan ya shigo da shi. An yi wankan tun asuba, ƙwaryar ce dai mai ɗinki. Ka zauna ka ci goro, gidanka ne."

Ta koma ciki. Daga tsakar gida ana jin mata na guɗa.

Ya zauna a tabarma, don bai ga yadda zai tafi ba. Aka raɗa suna, aka shafa fatiha, aka miƙa masa goro ya karɓa. Goggo na zaure, masu shiga da fita suna kewaye ta, wata mata ta tattare zanenta kada ya taɓa. Da aka watse Yusufu ya ce, "Baffa, bari in kai maka." Ya ce a'a. Ya ce dai ya ɗora masa.

Komawar ta fi zuwan tsawo. Ya tsaya sau biyu ya jingina da katanga. A maƙera Ramatu ta taya shi saukewa, ta tsaya riƙe da gefe ɗaya.

"A ina za a sa ta? Bakin ƙofa?"

"Ciki."

Suka kai ta ƙuryar maƙera, bayan zugazugin da fatarsu ta bushe. Ya zauna kan kututture. Ramatu ta kawo ruwa, bai sha ba. Ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa bakin daron, ya saurara har ƙarar ta mutu.

"Ramatu."

"Na'am, Baba."

"Kullum Juma'a ki goge ta. Tsamiya da toka, kada ki sa yashi. In wata ta zo da gammo, ko ina nan ko ba na nan, kin san amsa."

"Na sani."

"Faɗa in ji."

"Taku ce."

Ya gyaɗa kai. Ta juya za ta fita, ya sake kiranta.

"Ni kuma in tawa ta zo, kada ki taɓa ta. Ki je gidan Dela ki aro ƙwaryar nan."